Beryl Hulley da Harshen Mahaifiyarta

Ni da Beryl Hulley shingen waya ne kawai ya raba mu, tun muna amare har 'ya'yanmu suka girma. Gidajen ma'aikatan reluwe ne a East London, garin bakin teku, ba Landan ta Ingila ba, jere a bayan tasha, manne da juna yadda in ta soya kifi a nata kicin, 'ya'yana ne ke fara tambaya ko an gama. Mijina Len direban jirgi ne. Mijinta Aubrey akawu ne a rumbun kaya. Ni ce Thelma.

Beryl doguwar mace ce mai sanyin murya, mai tsabta har abin ya so ya yi yawa. Kafin aure a kantin yadi take aiki, kuma hannunta bai manta ba, don kusan duk rigar makarantar da ke layinmu ta bi ta ƙarƙashin keken ɗinkinta. 'Ya'yanta biyu, Colin da Heather. Ba ta zuwa bakin teku, alhali daga ƙofarmu ana jiyo ƙugin ruwa. Ko shanya za ta yi sai ta kifa malafa ta sa riga mai dogon hannu. Muna tsokanarta da Gimbiya, sai ta yi murmushi ta ce rana ce ke sa mata ciwon kai. Abin da na fi lura da shi shi ne saurin firgitarta. In baƙon namiji ya shigo layin da kwat da jaka a hannu, sai ta laɓe bayan labule har ya wuce, ko da mai tallan inshora ne.

Aubrey ya je yaƙin duniya a Masar, aka ba su hutu ya leƙa Ƙudus, ya dawo da ƙamus ɗin Ibrananci, harshen Bani Isra'ila, da wata cuta marar magani. Ya yi imani cewa Turanci ba komai ba ne illa Ibrananci da ya tsufa ya sha tafiya. Ba ka isa ka faɗi kalma a gabansa ka wuce lafiya ba. Ka ce earth, ya ce ai daga eretz take, wato ƙasa. Beryl ta ce ya rufe tukunya, ya tsaya da murfin a hannu yana nuna mata yadda cover ta fito daga kafar. Ba shi da mugunta ko kaɗan. Murna kawai yake yi, kamar wanda ya tsinci abu a hanya.

Len kan ce masa, "Aubrey, duba mini ƙarin girma a ƙamus ɗin nan naka, ko manaja zai fi jin ta da Ibrananci."

"Ka dai yi ta ba'a. Kai kanka sunanka zaki ne, zan nuna maka tushensa."

"Ni ne zaki? To gaya wa Thelma, ita kyanwa ta ɗauke ni."

Ranar Alhamis da yamma mukan je taro a saman wani kantin kujeru. Ni shayi da hira ke kai ni. Shugaban taron Manjo Tainton ne, tsohon soja mai gashin baki da sanda. Koyarwar ita ce ƙabilu goma na Bani Isra'ila da aka ce sun ɓace ba su ɓace ba, Turai suka ratsa suka sauka Ingila, mu ne jikokinsu. Hujjar tana cikin sunan ma: British, berit da ish, alkawari da mutum, wato mutumin alkawari. Saxon kuma, sunan kakannin mutanen Ingila, wai 'ya'yan Isiyaku yake nufi. Bayan waƙa sai a ba Aubrey allo da alli ya yi ta jera kalmominsa har alli ya ɓata masa kwat. Sannan Manjo ya tashi. Shi ba kalmomi ne suka dame shi ba, jini ne. Yakan buga sanda a ƙasa ya ce jinin alkawari ba a gauraya shi, wanda ya gauraya ya fita daga gado. Beryl tana zaune a gefena, hannuwa cikin safa a kan cinya, ba ta motsi har a tashi.

Lokacin dokar rarraba mutane ta fara cizo. Kowa da katinsa, an rubuta ko fari ne, ko baƙi, ko ɗan ruwa biyu. Kuma maƙwabci ɗaya ya isa ya kai ƙara a kira ka gaban hukuma. A ƙarshen layinmu an taɓa kiran wasu mutane, mata da miji da yara. Aka duba musu farce da dasashi, aka soka musu fensir a gashi a ga ko zai zame. Ba a daɗe ba mota ta zo ta kwashe kayansu, mijin ya rasa aikinsa, aka cire yaran daga makaranta. Kowa ya san Misis Slabbert ce ta kai su, wadda gidanta ke kallon namu, kuma ita ce mai dafa shayin taron Alhamis.

Mahaifiyar Beryl, Misis Lottie Kinnear, tana zaune da su a ɗakin baya. Ƙaramar tsohuwa ce mai yawan shiru, gashinta kullum a ɗaure tam cikin raga. Turancinta ya fi na kowa a layin tsabta, tana fitar da kowace kalma a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Mijinta ɗan Scotland ne, mai kanti a can arewa, ya mutu tun Beryl tana ƙarama. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Wata safiya a 1956 ina shara na ji Beryl ta kira sunana, ba da ƙarfi ba. Na tsallaka shinge na tarar da tsohuwa a ƙasan baranda, kwanon wake ya kife, bakinta ya karkace. Likita ya ce bugun jini ne, ɓarin dama ya shanye, magana kuwa ƙila ta dawo.

Ta dawo bayan 'yan kwanaki. Ina ɗakin, na kawo romo, Beryl na ba ta a cokali. Tsohuwa ta buɗe ido ta dubi 'yarta ta yi wata doguwar magana, ba da in'ina ba, amma babu kalmar Turanci ko ɗaya a ciki. Wasu kalmomin daga can cikin maƙogwaro suke fitowa. Beryl ta ajiye cokali a kwano.

"Surutun ciwo ne," in ji Beryl.

Regina mai wankinsu tana wucewa ta bakin taga da zannuwan gado. Ta tsaya cak, ta leƙo, ta dubi tsohuwa, ta dubi Beryl, sannan ta wuce. Kafin rana ta faɗi Beryl ta sallame ta, matar da ta goyi Colin da Heather duka. Na tambayi dalili ta ce sabulu take ɓarnatarwa.

Washegari likita ya dawo, Aubrey na nan. Ya saurara ya ɗaga kafaɗa.

"Yakan faru. Wani lokaci mai wannan ciwo yakan koma harshen da ya fara da shi. Da wane yare ta tashi?"

"Turanci," in ji Beryl da sauri.

Aubrey bai ji ta ba ma. Ya durƙusa a bakin gado, idonsa ya kawo ruwa. Tsohuwa ta ce bana, ya ce banim ke nan, 'ya'ya, daga nan mutanen Scotland suka samo bairn, wato yaro. Ta ce mma, ya ce imma, uwa. Ta ce gae, da wannan karta ta maƙogwaro, ya kama hannun Beryl ya ce, "Kin ji? Hai. Rai ke nan. Harshen farko, Beryl. Turancin ya saɓule, asalin ya fito. Ni dai na sani, na sani."

Ranar bai ci abinci ba. Kafin Alhamis Manjo ya ji.

Ya zo da yamma, Misis Slabbert na biye da shi da farantin biskit. Suka cika ɗan ɗakin. Manjo ya zauna ya dogara haɓa a kan sanda yana saurare, Aubrey yana fassara masa yana haɗa gumi. Can tsohuwa ta lashi leɓe ta ce, "Metsi." Kafin Aubrey ya buɗe ƙamus Beryl ta riga ta miƙe ta zuba ruwa a kofi ta kai mata baki.

"Mayim," in ji Aubrey. "Ruwa. Ga shi nan kuwa."

Misis Slabbert ba tsohuwa take kallo ba, Beryl take kallo.

"Ke kuma yaya aka yi kika gane, Misis Hulley? Ko ke ma Ibranancin ya sauko miki?"

"Leɓenta ne na ga ya bushe."

"Ayya. To ai ɗiya ta san uwarta."

Manjo ya miƙe ya ce wannan alama ce da aka aiko wa zamaninmu, ba za a ɓoye ta a ɗakin baya ba. Daga ranar gidan ya zama kasuwa. Mutanen taro suna zuwa bibbiyu, wasu su durƙusa su yi addu'a, wata mata ta kawo jaririnta a shafa masa kai. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai na ga Beryl ta dafe bango. Ta daina ɗinki, ta rame, ta fara ƙona abinci.

Wata rana da hantsi na same ta a rumfar wanki tana cuɗa zani ɗaya da ya riga ya fita. Na karɓe shi daga hannunta.

"Beryl, ba zan tafi ba sai kin gaya mini."

Ta leƙa waje, ta jawo ƙofa, ta buɗe famfo don ƙarar ruwa ta rufe muryarmu.

"In na gaya miki, kin riƙe wuyana da na yarana a hannunki."

"Na ji."

"Ba Ibrananci ba ne. Setswana ne, yaren baƙar fatar arewa. Cewa take tana so ta tafi gida. Gae gida ne. Tana kiran uwarta, tana tambaya ina 'ya'yanta."

Ta ba ni labarin a tsaye, tana kallon famfo. A wani ƙauye kusa da Kuruman aka haifi Lottie. Ubanta Bature ne mai fatauci, uwarta 'yar ƙauyen. Lottie ta fito da haske, Kinnear ya aure ta, ta haifa masa biyu, Thomas da Beryl. Beryl ta ɗauko uba. Thomas ya ɗauko kaka, fata da gashi. Da Kinnear ya mutu Lottie ta duba ta ga ɗaya ce za ta iya tsallakewa da ita. Ta bar Thomas wajen kakarsa, ta hau jirgi da Beryl zuwa bakin teku inda ba mai jin yarensu, ta ce mata in ta ƙara faɗin kalma ɗaya ta yaren sai ta fasa mata baki.

"Na zaci na manta," in ji Beryl. "Ashe yana nan. Duk abin da ta faɗa ina ji. Jiya ta kama hannuna ta ce in je in kira Thomas, abinci zai huce. Na tsaya ina mata murmushi, Aubrey yana neman tushen kalmar."

"Aubrey bai sani ba?"

"Wa zai gaya masa? Kin san dokar. In suka juya katina, aurenmu ya mutu. Gidan nan na farare ne. Heather za a soka wa fensir a ka, Thelma. Kin ga gashinta in ruwa ya taɓa shi."

Na ga gashin, sau da yawa, ban taɓa kawo komai a raina ba. Na fito daga rumfar na koma gida. Daga ranar tsoron ya zama namu mu biyu. Na daina kallon Len a ido in muna cin abinci, don bakinsa ba ya riƙe magana. In Misis Slabbert ta gaishe ni ta kan titi sai in ji kamar an rubuta abin a goshina.

Sai kuma taron shekara na ƙungiyar ya zo, a Kimberley. Manjo ya ce Aubrey ne zai je ya sanar da manya da bakinsa. Beryl ta yi duk dabarar da ta iya. Ta ce Colin ba lafiya, ta ce ba za ta iya juya tsohuwa ita kaɗai ba.

"Kwana nawa ne, 'yar gari? Thelma na nan," in ji shi, yana goge takalmi yana waƙa.

Da jirgin ya tashi ta zauna a matakalar ƙofar baya ta ce mini, "Shi ke nan. A tashar Kimberley ko mai sayar da lemo da yaren Mama yake magana. Kuma kin san kunnen Aubrey."

Ya dawo ranar Litinin. Na gan shi ta taga yana tahowa a hankali, jaka a hannu, ba waƙa. Bai ce komai ba, ranar ko washegari. Yana zuwa aiki, yana dawowa, yana cin abin da aka sa masa. Ƙamus na kan tebur bai taɓa shi ba. Da Beryl ta tambaye shi yaya taro, ya ce lafiya, sun yi murna ƙwarai, za su aiko mutum daga Johannesburg ranar Alhamis da na'urar ɗaukar murya. Za a ɗauki tsohuwa a kujera a hau da ita saman kantin, a ɗauki maganarta, a riƙa sa wa mutane a kowane reshe na ƙasar, har a aika Landan.

"Ya sani," Beryl ta ce mini. "Jiya Mama ta ce tana jin sanyi, ya tashi ya rufa mata bargo bai duba littafi ba. Ya sani, kuma ba ya kallona. Da ma ya mare ni."

"Me zai yi?"

"Mutum ne da bai taɓa ƙarya ba. In Manjo ya tambaye shi, zai faɗa."

Ranar Alhamis bayan azahar na shiga ban yi sallama ba. Yara suna makaranta. Na sami Beryl a ɗakin tsohuwa, tsaye, kwalbar maganin barci da likita ya bayar a hannu ɗaya, cokali a ɗayan. Kofin shayi na kan kujera. Tsohuwa tana kallonta tana 'yar magana a hankali.

"Cokali nawa kika zuba?"

"Barci kawai nake so ta yi. In tana barci ba za su ɗauke ta ba."

"Nawa, Beryl?"

"Ban sani ba. Na daina ƙirgawa."

Na ɗauki kofin na watsar ta taga, na sa kwalbar a aljihun rigata. Ba ta hana ni ba. Ta zame ta zauna a ƙasa ta jingina kai da gadon, tsohuwa ta miƙo hannun da ke aiki tana shafa mata gashi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Aubrey ya dawo daga aiki, ya wanke fuska, ya sa kwat. Ya ce Mama ba inda za ta, Beryl ta zauna da ita. Ni da Len muka bi shi.

Ɗakin ya cika har matakala. Baƙon Johannesburg ya kafa na'urarsa a kan tebur, faifai biyu kamar idanu. Manjo ya ga Aubrey shi kaɗai ya haɗa gira.

"Ina Misis Kinnear, Mista Hulley?"

Aubrey ya je gaban allo. Ya sa hannu a aljihu.

"Ba za ta zo ba, Manjo. Babu abin da za a ɗauka. Ni na koya mata."

Ya juya ya fuskanci jama'a.

"Tun da ta faɗi nake zama kusa da ita ina karanta mata kalmomin nan, ina maimaitawa har ta kama. Kanta ya taɓu, abin da ta ji shi take mayarwa, kamar aku. Na so a yarda da aikina ne. Shekara da shekaru ina tsayuwa a nan kuna hamma. Na yi amfani da tsohuwa marar lafiya, na yaudare ku. Ku yafe mini."

Ya faɗe ta tiryan-tiryan kamar wanda ya haddace. Fuskar Manjo ta yi ja har wuya. Ya kira shi maƙaryaci, ya kira shi abin kunya ga kakin da ya taɓa sawa, ya ce ya fita kada ya ƙara tako matakalar nan. Wata mata ta fara kuka. Baƙon ya fara naɗe wayarsa.

Sai muryar Misis Slabbert ta fito daga wajen tukunyar shayi.

"Ni dai abin da ya ɗaure mini kai, na sha jin ta ta taga tana zuba magana doguwa, ba kalma ɗaya-ɗaya ba. Kuma a kunnena ya fi kama da irin abin da ake ji a bakin 'yan aiki a bayan kicin."

Mutane suka juyo suna kallon Aubrey. Len ne ya yi dariya daga baya.

"Haba Misis Slabbert. Da wannan kunne naki da ke jiyo tagar mutane daga tsallaken titi, ai ke ya kamata a aika Landan, ba na'ura ba."

Mutane suka fashe da dariya, irin ta waɗanda ke neman mafita. Ita ba ta yi ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ci gaba da jera kofuna. A hanyar gida Len bai yi ba'a ko ɗaya ba. Sai da muka kai ƙofa ya ce, "Gaya wa ƙawarki ta riƙa rufe tagar nan." Ban tambaye shi me ya sani ba, shi ma bai ƙara tayar da maganar ba har ya mutu.

Abin da ya wuce tsakanin Beryl da mijinta ranar, ita ta gaya mini daga baya. Ya shigo ya zauna a kicin da kwat ɗinsa. Ya ce yana sauka a Kimberley ya ji wata mata tana kiran 'ya'yanta da kalmomin da ya yi makonni yana nema wa tushe, ya juya ya ji duk dandamalin da su ake magana. Ya ce ya zauna a kan benci har jirgin ya tafi ya bar shi da jaka a cinya.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, da ka aure ni?"

Ya ce, "Ban sani ba, Beryl. Ba zan yi miki ƙarya ba, yau na yi wadda za ta ishe ni." Ya tashi ya ɗora ruwan shayi, ya haɗa mata nata yadda take so.

Tsoron bai ƙare da wannan ba. Aka rufe tagar ɗakin baya, aka sa labule mai kauri, rediyo na kunne tun safe. Duk ƙarar mota a layin sai Beryl ta tsaya da abin da ke hannunta. Ta riƙa jiƙa gashin Heather da mai tana kitse shi tam har yarinyar ta yi kuka. Misis Slabbert ta kan tsaya a ƙofarta tana ban ruwan furanni, idonta a gidan. Regina kuwa tana can unguwarsu da abin da ta ji, kuma ba ta da dalilin rufa wa Beryl asiri. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Beryl ba ta iya neman ta ba, kunya da tsoro suka hana ta.

A tasha an daɗe ana yi wa Aubrey dariya, ana kiransa mai aku. Ya sunkuyar da kai ya sha. In ya taso aiki sai ya shiga ɗakin tsohuwa ya rufe ƙofa. Kunnen nan nasa bai bar shi ba, a hankali ya fara kama maganarta, har yana amsa mata da ee, Mma. In ta ji haka sai ta saki fuska ta yi ta zuba masa labari. Beryl ba ta taɓa amsa mata da yaren ba, ko sau ɗaya. Ta ce ko ta buɗe baki kalmar ba ta fitowa.

Lottie ta rasu da bazara a wannan rufaffen ɗaki. Aka binne ta a maƙabartar farare, fasto ya yi addu'a da Turanci. Ba wanda ya zo daga hukuma, ba lokacin ba, ba daga baya ba. Ko Misis Slabbert ba ta kai ƙarar ba, ko ta kai ba a bi ba, ba mu taɓa sani ba. Beryl dai ta ci gaba da jira. Aubrey ya koma kamun kifi a bakin kogi, ya rasu jim kaɗan bayan ya yi ritaya. Colin ya tafi Durban, Heather ta yi aure ta bi mijinta Ostareliya.

Tsufa ya sake haɗa mu a gidan tsofaffi ɗaya, ɗakinta na kallon nawa. Lokacin an soke dokar, katin ya zama takardar banza. Heather ta zo hutu da 'yarta, Beryl ta ce mini za ta gaya mata. Ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ranar ta sa rigarta ta zuwa coci, ta zaunar da Heather a lambu, ni ina hango su daga baranda. Ba su daɗe ba na ga Heather ta rungume ta tana dariya.

Da yamma Beryl ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, jakarta a cinya.

"Cewa ta yi, Mama, shi ke nan abin? Wai ta zaci ciwon daji zan ce ina da shi. Wai abin sha'awa ne, za ta gaya wa ƙawayenta."

"To ai gara haka, Beryl."

"Gara haka," ta ce. Ba kuka ne a muryarta ba, fushi ne. "Wai za ta yi hayar mota ta je Kuruman ta nemo dangi. Ta ce in zo mu tafi."

"Za ki?"

"In je in ce musu ni wace ce?"

Heather ta je ita da 'yarta. Thomas ya daɗe da rasuwa, ya yi aikin ma'adinai, ya bar 'ya'ya da jikoki da yawa. Sun karɓe ta, sun yanka mata akuya, sun aiko wa Beryl gaisuwa da bargo. Ta karɓa ta yi godiya ta sa a kabad. Bayan Heather ta koma, sanyi ya shigo sosai a shekarar, na shiga wata safiya na ga Beryl ta shimfiɗa bargon a gado. Ta ce na gidan ba su da kauri, ta tambaye ni ko an kawo shayi.